Ƙusa Ɗari Biyu da Arba'in

A garinmu Kuusela, can ƙuryar arewacin Michigan, idan mutum ya ce zai kai babur ɗinsa na ƙanƙara garejin Arvo Keskitalo, abokansa kan tambaye shi ko ya shirya jin "a'a". Shekara arba'in Arvo yana huda bel yana ɗaura masa ƙusoshi, bel ɗin nan mai faɗi da ke juyawa a ƙarƙashin babur yana tura shi gaba. Mutum zai zo da zumuɗinsa ya ce a cika masa shi da ƙusa, yana son ya kama ƙanƙarar tafki kamar kaska. Arvo zai durƙusa da ƙyar, don bayansa ya daɗe da lalacewa, ya shafa robar da tafin hannu, ya lanƙwasa ta ya leƙa cikin tsagunta. Sannan ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya ce a'a. Ba ya ƙarin bayani, ba ya ba da haƙuri, kuma ko fasto ne haka zai faɗa masa.

Ba mugunta ba ce, sanin aiki ne. A ido bel roba ce zalla, amma cikinsa zare ne a jere, kuma zaren nan shi ne ransa. Kowane rami da aka huda sai ya yanke wasu. Bel mai lafiya yakan ɗauki ramukansa ya yi shiru, tsoho kuwa yakan riƙe abin a ransa har ranar da zai rama. Arvo ya san wannan fiye da kowa a gundumarmu, shi ya sa babu wanda ya taɓa jin ciwo a kan aikinsa. Yana alfahari da hakan, ko da yake ba ya faɗa.

A'a guda ce ta ci shi da tsada. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar tseren tafki, ɗansa Darren, ɗa tilo, ya fito da babur ɗin da ya huda wa bel da kansa a ɓoye. Arvo ya zo ya duba sau ɗaya, ya zare makulli a gaban jama'a ya jefa aljihu. Darren ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, mutane na kallo." Arvo ya ce su kalla. Bayan mako ɗaya yaron ya haɗa kayansa ya tafi aikin haƙar mai a Alaska. Tun daga nan ran Lahadi kawai yake bugo waya, kuma idan uban ne ya ɗauka, ba ya wuce "Mama na kusa?" Kowa ya san Arvo ne da gaskiya a ranar, har shi Darren ɗin. Amma gaskiyar ba ta hana Arvo zama shi kaɗai a gareji shekara goma sha ɗaya ba, yana jin kewar ɗansa tana cinsa, ya kasa gaya wa ko matarsa.

A watan Fabrairun da nake ba da labari aka yi wa Irja, matar Arvo, aikin ido, Darren ya zo gida na mako biyu. Bai zo hannu rabbana ba. Ya jawo tirela a bayan motar haya, a kanta wani baƙin babur da ya saya a hanya, wanda aka ƙara wa inji ƙarfi har ya kai ƙarfin doki ɗari biyu da hamsin. Kwana shida uba da ɗa suna cin abinci a tebur ɗaya, maganarsu ba ta wuce miƙo gishiri ba.

Ran Talata da safe Irja ta ajiye wa mijinta kofi da yankan nisu, burodin nan mai zaƙi, ta zauna tana kallonsa da idonta ɗaya, ɗayan na rufe da bandeji.

"Jiya ya tambaye ni ko ka sami wanda zai karɓi garejin," in ji ta.

Arvo ya tsoma burodin a kofi bai ɗago ba. "Me kika ce masa?"

"Na ce wa zai iya zama da kai? Ya yi dariya. Ka ji ni, Arvo? Dariya ya yi, a gidan nan." Ta matso da kujera. "Zai kawo maka babur ɗin yau. Ban san me yake so ba, ban kuma damu in sani ba. Amma ni na tsufa, ido ɗaya ya rage min mai gani sosai. Kada ka kore min shi karo na biyu."

Arvo ya shanye kofin ya ɗauki hularsa ya nufi gareji.

Wajen ƙarfe goma Darren ya turo ƙofar gareji da kafaɗa. Ya zama ƙaton mutum, gemunsa har ya fara furfura ta gefe, abin da ya ba uban haushi ba tare da ya san dalili ba.

"Baba, kana da aiki?"

"Akwai dai," in ji Arvo, alhali tun safe spana ɗaya yake gogewa.

Suka turo babur ɗin ciki, suka ɗage bayansa a kan jak. Darren ya ce, "Ƙusa ɗari da arba'in da huɗu ne a jiki. Jiya na gwada shi a bakin tafki. Ina taɓa totur sai ya hau tonon ƙanƙara, bayansa na wutsil-wutsil, ba ya zuwa ko'ina. Ina son ɗari biyu da arba'in, masu kaifin baki kamar kurfi, kafin Asabar."

A lissafi yaron bai yi kuskure ba. Inji mai wannan ƙarfin yana son kusan ƙusa ɗaya ga kowane doki, in ba haka ba ƙarfin a banza yake tafiya. Arvo ya ji wani daɗi a ransa, ashe abin da ya koya masa bai zube ba. Sai ya durƙusa ya sa hannu a kan bel ɗin, daɗin ya gushe.

Ya juya shi a hankali, taƙi bayan taƙi. Robar ta bushe, ta yi tsagu ƙanana a gindin haƙora. Wurare shida ƙusa ta taɓa fizgewa ta bar rami mai yagaggen baki, farin zare na leƙowa. Tsakiyar bel ɗin kuma a cike take, ba inda za a ƙara ko ɗaya. Wurin da ya rage shi ne gefuna biyu, inda Arvo bai taɓa sa bakin injin huda ba tun da ya fara sana'a.

"Wa ya huda wannan, makaho?"

"Wani ne a Duluth."

"Sabon bel kake buƙata. Mai gajerun haƙora, na ƙanƙara."

"Kana da shi?"

Akwai guda uku rataye a bango. Biyu masu dogayen haƙora ne, na shiga dusar ƙanƙara mai zurfi a daji, a kan tafki ba su da amfani. Na ukun ya dace, amma ya gaza tsawo da taƙi ɗaya. Arvo ya shiga ɗan ofishinsa ya buga waya wuri uku. Wanda ya fi sauri ya ce kwana goma.

"Tseren ran Asabar ne," in ji Darren. "Litinin jirgina zai tashi."

Arvo na tsaye yana goge hannu a wando, hannun da babu komai a jikinsa. Darren ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Faɗi mana, Baba. Na ga tana bakinka. Wallahi har na yi kewarta." Ya kama hannun jak ɗin zai sauke. "Bar shi kawai. Ina da injin huda a mota, zan yi abina a kan tirela."

Arvo ya dubi bayan ɗansa. Haka ya ga bayan nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a wannan ƙofar. Ya gaya wa kansa cewa tunda dai za a huda, gara a huda da hannun da ya iya. Wannan ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce dalilin ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoron Litinin.

"Bar shi nan," ya ce. "Ɗauko min alli da ma'auni."

Kwana uku suka yi a kai, kuma ban jin Arvo ya taɓa yin kwana uku masu daɗinsu. Shi ke auna wuri ya huda, Darren na bi yana zura ƙusa, ya sa washa, ya ɗaure noti. Da rana Irja kan aiko musu da burodi mai cushen nama da dankali, su ci a kan benci da baƙin hannu. Darren ya buɗe baki, ya ba da labarin wani shugabansu da gashin bakinsa ya daskare da kwano, da wata mata da ya kusa aura ta gudu da mai gyaran haƙori. Arvo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Duk wata dabara da ya sani ya yi. Ya riƙa gasa bakin injin huda don ya liƙe zaren da ya yanke. Ya zaɓi washa masu faɗi. Ya nisanta sababbin ramuka da tsofaffin nan shida iyakar iyawarsa. Amma duk lokacin da ƙarfen ya ratsa robar yana jin ɗan ƙas ɗin nan a yatsunsa, zare na tsinkewa, warin ƙonanniyar roba na tashi. Sau tasa'in da shida ya ji shi. Bai daina sani ba ko sau ɗaya, sai dai ya daina sauraren sanin.

Ran Alhamis Wilho Lahti ya leƙo, tsohon abokinsa tun makaranta, wanda ba ya iya wuce ƙofar da ke da murhu a bayanta.

"Kai! Me nake gani? Arvo na huda gefe? Darren, me ka ba tsohon nan ya sha?"

"Rufe ƙofa, zafi na fita," in ji Arvo.

"Bara ni ka kora kamar kare kan ƙusa goma sha biyu kacal. Har matata ta ce in daina gaishe ka."

"Da ta kyauta min."

Darren ya fita ɗauko kwalin noti a mota. Wilho ya sunkuya yana dariya, ya shafa bel ɗin, yatsansa ya faɗa ɗaya daga ramukan nan masu yagaggen baki. Dariyar ta tsaya. Ya ɗago ya dubi abokinsa.

"Arvo. Bel ɗina na bara ya fi wannan lafiya."

"Je ka gida, Wilho."

"Ka gaya masa?"

"Na ce ka je gida."

Wilho ya tafi, bai ko sha kofi ba.

Ran Juma'a suka gwada. Arvo na da wani jak da ya ƙera da kansa, mai faffaɗan farantin ƙarfe a baya don ya tare duk abin da bel ya watso. Suka ɗora babur a kai, suka ba shi wuta cikin ɗumin gareji. Bel ya juya sumul, ƙusoshi na walƙiya, ko gezau bai yi ba. Darren ya daki kafaɗar ubansa ya ce, "Tsoho, ashe hannun na nan." Arvo ya ji dukan nan har cikin ƙirjinsa. Duk da haka ya kafa sharaɗi biyu: gobe a kan jak za a ɗumama bel, kuma ba a fizgar totur gaba ɗaya a tashin farko. Darren ya ce ya ji.

Asabar ta waye da irin sanyin da ke manne hanci idan an ja numfashi, digiri talatin ƙasa da sifili, rana fes ba gajimare. Rabin gari na kan tafki. Matan coci sun kafa rumfa suna sayar da kofi da nisu, an share doguwar hanya a kan ƙanƙara tana ƙyalli, hayaƙin injuna ya kwanta shuɗi a kan jama'a. Masu shirya tsere sun hana motoci sauka bana saboda ƙanƙarar bakin tafki ba ta yi kauri ba, don haka kowa ya bar motarsa a tudu. Jak ɗin na da nauyi. Arvo ya ce zai koma ya ɗauko shi da zarar sun sami wuri.

Suna cikin tafiya Darren ya ce, yana kallon wani wajen, "Na buga wa kamfani waya jiya. Na ce su ƙara min wata guda. In ga yadda garejin nan yake, ko akwai abin da mutum biyu za su ci a ciki."

Da ƙyar Arvo ya ce, "Rufin na yoyo ta bayan murhu."

"Na gani. Sai mu gyara."

Daga nan har wurin jira Arvo bai san inda yake sa ƙafa ba. Mutane na gaishe shi yana amsawa da fara'a, har wasu na waiwaye su tabbatar shi ne. Ya tsaya yana nuna wa wannan da wancan ɗansa, kamar ba su san shi tun yana cikin zani ba. Jak ya fita daga ransa gaba ɗaya.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata a ce mun bari tun tuni. Kafin a shiga layi, sai mutum ɗaya ya kama ƙarfen bayan babur ya ɗaga shi sama da hannu, ɗaya ya ba shi wuta, bel ya juya a iska ya yi laushi, inji ya washe maƙogwaro. Mai ɗagawar yana tsaye ne daidai bayan bel, ƙafafunsa taƙi biyu daga ƙusoshi. Dukanmu mun san wani da ya san wani da abin ya nakasa, kuma dukanmu muna yi, muna cewa jak na 'yan birni ne. Wanda ke ɗaga maka kuwa ba kowa ba ne, sai ubanka ko ɗan'uwanka ko amininka. Abin kunya ne a ga mutum yana neman mai ɗaga masa.

Lasifika ta kira lamba goma sha bakwai, lambar Darren. Arvo ya farka kamar an watsa masa ruwa. Ya sa hannu ya taɓa bel ɗin, ya ji shi ƙandare kamar katako. Bel ɗin da suka gwada jiya a ɗumi daban, wannan daban.

"Jak na mota. Bari in ɗauko."

"Baba, sun kira ni. Kafin ka kai tudu an wuce ni. Daƙiƙa goma ce fa."

Hagu da dama duk ɗagawa ake yi, injuna na kururuwa. Mutane na kallo. Arvo ya ga fuskokinsu, wasunsu su ne dai na wancan karon, ya kuma ga makullin a jikin babur, kusa da hannunsa. Ya kau da ido daga kansa.

"To ni zan ɗaga," ya ce. A ransa ya yanke cewa idan abin zai rama, ya rama a kan wanda ya huda shi. Ya zagaya baya, ya sunkuya ya kama ƙarfen, ya yunƙura. Bayansa ya riƙe, wani zafi ya tsarga masa har ƙafa, ya saki yana nishi.

Darren ya tallafe shi ta hammata ya miƙar da shi. "Haba Baba, da wannan bayan? So kake Mama ta yanka ni? Matsa ka gani. Ni in ɗaga, kai ka ba shi wuta. Ai kunnenka ya fi nawa sanin inji." Ya gyara wa uban hular da ta karkace, ya ja ta ta rufe masa kunne.

Rabon da wani ya gyara wa Arvo hula tun yana yaro. Kalmar na bakinsa, ƙarama ce, ya faɗe ta sau dubbai ga mutanen da ba su dame shi ba. Ya haɗiye ta, ya zagaya gaba ya ɗora babban yatsa a kan totur.

Darren ya ɗaga. Arvo ya danna kaɗan, bel ya fara juyawa yana ƙas-ƙas.

"Ƙara!" in ji Darren.

Ya ƙara kaɗan.

"Ƙara mana, tsoho, ba keken ɗinki ba ne!"

Wasu na kusa suka yi dariya. Arvo ya danna.

Ƙarar kamar ta bindiga ce. Inji ya yi wani ihu na abin da ba ya jan komai, bayan babur ya faɗo ƙasa. Arvo ya waiwaya. Darren na zaune a kan ƙanƙara, hannayensa a baya, fuskarsa ta mamaki ce kawai. Ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa tana kallon inda ƙafa ba ta kallo. Bel ɗin ya tsinke, yana can nesa a miƙe. Jini na malala a kan ƙanƙara yana tururi.

"Kashe injin, Baba," in ji Darren a hankali.

Arvo ya kashe. Daga nan bai iya komai ba. Wilho ne ya ratso jama'a da gudu, ya zare ɗamarar wandonsa ya ɗaure cinyar, yana zagin kowa yana cewa a kira motar asibiti. Arvo na durƙushe ya riƙe kan ɗansa.

Likitoci sun ceci ransa, ƙafar kuwa sun yanke ta sama da gwiwa. A gari aka ce tsautsayi ne, aka ce tsohon bel ne na wani mutumin Duluth. Matan coci suka yi ta kawo abinci har firji ya ƙi rufuwa. Wilho bai ce wa kowa komai ba, amma ya daina leƙa gareji. Wani ya naɗe bel ɗin ya ajiye wa Arvo a bakin ƙofa, yana ganin ya kyauta. Arvo ya shimfiɗa shi a kan benci ya duba. Ba ta tsofaffin ramukan nan shida ya fara yagewa ba. Ta gefen hagu ya fara, ya bi ramuka huɗu masu tsabta, a jere, tazararsu daidai, irin waɗanda mutum ɗaya ne a gundumar ke iya hudawa.

Irja ba ta tambaye shi komai ba, shi ma bai tuna mata maganar da ta yi ran Talata ba. Suka ci gaba da zama a tebur ɗaya, kowa na riƙe da nasa. Aka sauko da gadon Darren ɗakin ƙasa. Kamfanin ya aiko da kati da furanni, bayan mako uku kuma ya aiko da kayansa cikin kwali biyu.

Ƙarshen Maris rana ta fara narkar da dusar ƙanƙara da yini, sanyi ya daskarar da ita kafin safiya, tsakar gida ta zama kamar gilashi. Sau biyu Darren na faɗuwa da sandunansa tsakanin gida da gareji. A na biyun ya daɗe kwance kafin ya yarda a ɗaga shi. Washegari da safe Arvo ya karɓi sandunan, ya cire robobin da ke gindinsu, ya ɗaure ɗaya a bakin matsi a kan benci. Ya zazzage gwangwanin ƙananan ƙusoshi yana zaɓe. Darren na zaune a kan akwati kusa da murhu, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an soke ta da fil.

Arvo ya daɗe yana juya ƙusa ɗaya a yatsunsa. Bai waiwaya ba ya ce, "Na sani tun ran Talata. Tun da na ɗora hannu a kansa na san ba zai ɗauka ba."

Itace ya fashe a murhu. Darren ya ce, "Ni ma na sani, Baba."

Arvo ya juyo.

"Ɗan wa ne ni? Tun a Duluth na ga zaren." Darren na kallon wutar. "So nake in ga ko za ka yi min. Shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina son in ga ko akwai abin da zan roƙa ka ce to. Da ka ce bar shi nan, na so in ce a fasa, a jira sabon. Sai na ga kana dariya, na ce bari dai mu gama."

Arvo ya dafa benci da hannu biyu. Ya so ya yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Da ya ce a'a ran Talata, da yaron na Alaska yanzu da ƙafafunsa biyu, yana bugo waya ran Lahadi yana tambayar ko Mama na kusa. Ga shi nan kuwa a gareji, kusa da murhu, ba inda za shi. Abin da Arvo ya roƙa shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma an ba shi.

Ya ɗauki alli ya fara sa alama a gindin robar.

"Nawa za ka sa?" in ji Darren.

"Huɗu kowacce."

"Sa shida. Zai fi kamawa."

Arvo ya kwance robar daga matsi, ya lanƙwasa ta tsakanin yatsu, ya duba kaurinta ta wajen haske.

"A'a," ya ce. "Ba za ta ɗauka ba."

Kalmar ta fito salin-alin, ba wuya, kamar kullum. Darren ya gyaɗa kai.

Arvo ya huda huɗu a kowacce, ya ɗaure, ya mayar da robobin. Darren ya karɓi sandunan ya miƙe, ya tura ƙofa da kafaɗa, ya gwada ɗaya a kan ƙanƙarar bakin ƙofa. Ta kama. Ya gwada ɗayar, ita ma ta kama. Ya nufi gida a hankali, Irja na tsaye a taga da labule a hannu. Arvo ya tsaya a ƙofar gareji yana sauraren ƙusoshin na cizon ƙanƙara, ƙas, sannan takalmi ɗaya, ƙas, sannan takalmi ɗaya, har ya kai matakala.